Awa Arba'in a Mount Hope

Tun da na dawo, duk wadda ta zo yi mini sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Rakiya, ba mu labari." A ɗakin malamai ma haka. Wasu labarin ƙanƙara suke so. Wasu kuwa so suke su ji dalilin da na dawo babu digirin da na tafi nema, kunya ce kawai ta hana su tambaya kai tsaye. Na gaji da gutsuttsura labarin ina ba kowa inda zai iya haɗiyewa, don haka ga shi nan gaba ɗaya, har da inda ba ya yi mini daɗi.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a wata firamare a Kano kafin Yaya Nasiru ya kawo shawarar. Ɗan yayar mahaifiyata ne, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a New York. Ya ce hanyar a miƙe take. In fara da kwalejin shekara biyu, irin wadda talakawan can suke farawa da ita, daga nan in tsallaka jami'a in ƙara shekara biyu, in fito da digiri da lasisin koyarwa. Ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: bizar karatu da karatun take tafiya, ran da karatu ya tsaya sai tattara kaya. Na sayar da filin da na gada a Gezawa, na ajiye aiki, aka yi mini walima har da kuka.

Hajiyarmu ta cika mini jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da kilishi, kamar wadda za ta ƙasar da ba a dafa abinci. Da muka sauka, ina cikin layi sai wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gefen jakata. Na ja zanena na matsa, ya matso. Jami'in da ke riƙe da shi ya ce in biyo shi. A kan tebur ya sa safar hannu ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya ya dube ni kamar na yi masa wani abu. Na ce kayan miya ne. Ya miƙo mini abata da sauri. Kilishin ne ya ɗaga ya jefa a kwandon shara ina kallo, kilishin da Hajiya ta aika har Agadasawa aka yi mata na musamman. Wani jami'in kuma ya duba takarduna ya ce, "Shekara goma sha ɗaya kina koyarwa, yanzu kin zo koyon koyarwa?" Na ce e. Ya buga hatimi bai ƙara kallona ba.

Yaya yana wurin aiki, sai kwatance ya turo mini a waya, kwatancen da ban gane komai a cikinsa ba. Ina tsaye ina salati a fili, wata mata mai tura keken marasa lafiya ta tsaya ta ce, "Kai, ina za ka?" Na waiga ina neman namijin da take wa magana. Ashe ni ce. 'Yar Zangon Kumasi ce, haka Hausarsu take. Ita ta saka ni a jirgin ƙasa zuwa tashar unguwar Jamaica, ta kira Yaya ta yi masa tas a kan barin baƙuwa ita kaɗai, ta saya mini shayi a kofin takarda. Ban tambayi sunanta ba, abin yana damuna.

Gidan Yaya a unguwar Concourse Village yake, hawa na goma sha huɗu, ɗaki biyu da falo. Shi da matarsa Anti Hadiza a ɗaya, 'ya'yansu mata uku a ɗaya, ni a kujerar falo wadda ake buɗewa ta zama gado. Duk asuba sai na naɗe shimfiɗa na ɓoye kafin gida ya tashi. A nan na yi kusan shekara biyu, kuma har na taho ban san sunan mutumin da ƙofarsa ke kallon tamu ba. Ranar farko na gaishe shi a lif, na tambayi iyali, ya ƙanƙame jakarsa. Anti Hadiza ta ce in daina, za a ɗauka roƙo zan yi.

Tuwo da garin shinkafa na kwali ake yinsa, ya yi fari sol, ba ƙamshi. Naman kuma laushinsa har ya yi yawa, ka tafasa shi kaɗan ya narke. Da rana a kwaleji shinkafa da kaza nake saya a wurin masu amalanken abincin halal, su zuba mata wata farar miya mai tsami. Wata uku ina ƙorafi, daga baya na zama ni ce mai cewa a ƙara.

Kwalejin ce ta fara karya mini gwiwa. Takardar shaidar malanta da nake taƙama da ita, suka juya ta gaba da baya suka ɗauki kwas biyu kacal a ciki. Aka yi mini gwajin lissafi a kwamfuta, na faɗi. Sai ga ni a ajin share fage da yara 'yan shekara goma sha takwas, sa'o'in waɗanda na koya wa karatun baƙi. Suna cin abinci a aji, suna ɗora ƙafa a kujera, suna kiran malami da sunansa gatsau. Ran farko da malami ya shigo na miƙe tsaye, ni kaɗai a cikin mutum talatin. Ya tambaye ni ko bayan gida nake nema.

Na daure. Na zame a ƙanƙara sau biyu, sau ɗaya a gaban tashar bas har ɗankwalina ya yi nasa wuri, ba wanda ya ce sannu sai wani tsoho da ya ba ni shawarar in kai mai shagon wurin ƙara. Na yi karatu kamar zan mutu. Zuwa zango na uku makina ya fi na kowa a sashenmu, kuma na samu shiga wurin Farfesa Koleman, baƙar Ba'amurkiya mai furfura wadda ta shekara talatin tana koyar da yara kafin ta dawo kwaleji. Takan tsayar da darasi ta ce, "Rakiya, yaya kike yi da yara tamanin a aji ɗaya?" In ba su labari, su riƙe baki. Ita ta ce za ta rubuta mini wasiƙar shiga jami'a da hannunta.

A zangon ƙarshe saura abu ɗaya. Duk mai son tsallakawa sashen malanta na jami'a sai ya yi awa arba'in a wata firamare yana kallo yana taimakawa, malamar ajin ta sa hannu, Farfesa ta sa hannu. In babu wannan takarda babu kammala kwaleji, babu jami'a, babu biza. Kafin a tura mu aka ce kowa ya yi wani horo na awa biyu a kwamfuta a kan kare yara. Abin da horon ya ce a fili yake. In ka ga alamar duka a jikin yaro, ka sanar a ranar, ba sai ka tabbatar ba, kuma kada ka je wurin iyaye. Na karanta wannan da idona. Amma na yi horon ne yadda muke yin bita a gida, a sa hannu a takardar halarta, a ci shinkafa, a watse. Ina yi wa autar Anti Hadiza kitso ina danna na gaba, na gaba, har takardar shaida ta fito.

Aka tura ni aji uku a wata makaranta a unguwar Mount Hope, Litinin da Laraba, wurin wata malama Mis Ortis. Yara ashirin da huɗu, malamai biyu, kafet, littattafai har rufi. Na tuna ajina na Kano sai na ji kamar in yi kuka. Dokoki kuwa sun fi yaran yawa. Kada ki dafa kan yaro, kada ki zauna da shi ƙofa a rufe, kada ki ba shi ko alewa. Wani yaro ya ce wa Mis Ortis ta rufe masa baki, ita kuma ta durƙusa tana tambayarsa me yake ji a ransa. Na cusa hannuwana a aljihun riga don kada su yi abin da suka saba.

A ajin akwai Fa'iza, 'yar shekara takwas, siririya, mai son zama a bayan kowa. Iyayenta mutanen Maraɗi ne. Uban yana kasa huluna da bel a tebur a cikin gari, uwar tana kitso a wani shago. Wata rana na sunkuya zan zauna a 'yar kujerarsu na ce "wash", sai na ji an ƙyalƙyale da dariya a bayana. Daga ranar nake yi mata Hausa a hankali, ita kuma tana amsa mini da Turanci, kamar sauran yaranmu na can.

Na cika awa talatin da ɗaya ran da abin ya faru. Laraba ce, lokacin karatu, Fa'iza ta miƙa hannu za ta ɗauko littafi, hannun rigarta ya zame. Na ga shatar a damtsenta, layi biyu-biyu masu lanƙwasa a ƙarshe, sababbi a kan tsofaffi. Na san wannan shata. Wayar caja ce aka ninka biyu.

Na ce a hankali, "Wa ya yi miki?"

Ta ja rigarta, ta dubi inda Mis Ortis take. Sannan ta amsa da Hausa, karo na farko. "Mama. In ta komo a gajiye." Ta matso kusa da ni. "Kar ki ce wa Mama na faɗi."

Na ce, "Kwantar da hankalinki. Zan gyara."

Mis Ortis tana taku biyar daga inda muke. Ban faɗa mata ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Na sha jin mata a masallaci suna labarin gidajen da hukuma ta shiga ta kwashe yara, da iyayen da ba su da takardu aka tasa ƙeyarsu gida. A wurinmu kuwa, ka kai ɗan'uwanka ƙara kafin ka taka ƙafa ka same shi, rashin mutunci ne da ba a mantawa. Sannan ga girman kai. Iyaye nawa na bi har gida a Kano na yi musu nasiha suka ji? Ni kaina na riƙe bulala shekara da shekaru. Na ce a raina wannan baiwar Allah ba ta san ƙasar da take ba ne, in na faɗa mata za ta bari, kowa ya huta.

Ran Asabar da la'asar na nemi shagon. Ta karɓe ni hannu bibbiyu. Mace ce da ba ta wuce sa'ata ba, yatsunta duk sun kumbura saboda kitso, tun safe take tsaye. Ta bar kan da take yi ta ja ni ƙuryar shagon, ta buɗe kula ta zuba mini kwaɗon zogale da dambu. Rabona da irinsa tun gida. Muka gaisa, muka yi hirar sanyi da tsadar haya, sannan na gyara murya.

Na ce, "Maman Fa'iza, ni 'yar'uwarki ce, shi ya sa na zo da ƙafata. Na ga hannun yarinyar nan. Ƙasar nan ba irin tamu ba ce. In wani ya gani ba ni ba, wallahi raba ki da ita za a yi."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya zubo. Ta ce, "Malama, Allah shi saka miki. Ɗiyan nan na lakkwal, 'yan boko, ba su jin magana, ka yi musu Hausa su maido maka Anasaranci. Ni ɗaya nike, uban sai dare. Na bari, walla na bari." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Ita ta hwaɗa miki?"

Da na ce a'a, da ban san yadda abin zai kasance ba. Amma ina zaune ina cin abincinta, tana kuka, na ga kamar mun zama ɗaya. Na ce, "Yarinya ce, na tambaye ta ta amsa. Kada ki yi mata faɗa."

Ta ce ba komai. Ta rako ni har bakin titi ta cusa mini sauran dambun a leda. Na hau bas ina jin daɗin kaina, har ina tunanin wata rana zan ba Farfesa labarin yadda muke gyara abu a gida ba tare da hukuma ba.

Ran Litinin Fa'iza ba ta zo ba. Ran Laraba mai gadin makaranta, wanda kullum muke gaisawa, ya tare ni a ƙofa ya ce an ce kada in shiga aji, in koma kwaleji za a neme ni. Kafin in isa gida saƙon Farfesa ya shigo, tana son ganina ran Juma'a.

Sauran labarin Anti Hadiza ce ta kawo shi daga wurin mata. Ranar da na je shagon, da uwar ta koma gida ta rufe ƙofa a kan Fa'iza, wai ta tona mata asiri a waje. Maƙwabta suka ji ihu suka kira 'yan sanda. An kai yarinyar asibiti da karyayyen hannu, an tafi da uwar, an kwashe ƙannenta biyu. Kuma duk unguwar an gama yanke hukunci cewa malamar nan 'yar Najeriya ce ta je ta ci abincin mutane ta fito ta kai rahoto. Ran Alhamis na shiga shagon da muke sayen nama, matar da ke gabana ta ajiye kwandonta ta fita.

Yaya Nasiru ya zaunar da ni a falo, ya kori yara ɗaki, na ba shi labarin komai. Ya ce, "Da wane yare yarinyar ta yi miki maganar?"

Na ce, "Hausa."

"Wa ya ji?"

"Ba kowa."

"To shi ke nan. Ki yi dinayin kawai, ki ce ba a yi ba. Shagon kitso kuma kitso kika je tambaya. Maganar yarinya 'yar shekara takwas ce da taki. Rakiya, awoyi kaɗan suka rage miki. Kin sayar da fili, kin bar aiki, ni na tsaya miki a takardu. Kada ki zo ki yi mini taurin kan nan naki."

Na ce, "To, Yaya." Kuma da gaske nake. Na tsara abin da zan faɗa da Turanci, na maimaita shi a gaban madubin banɗaki har ya zauna a bakina.

Ran Juma'a na sami Farfesa Koleman da shugaban sashe a ofis, da takarda a gabansu. Ba ta yi mini murmushin da ta saba ba, amma ta ja mini kujera da kanta. Ta ce a asibiti an tambayi yarinyar ko ta taɓa faɗa wa wani babba. Ta sa tabarau ta karanta amsar: "Na faɗa wa Mis Rakiya. Ta ce za ta gyara."

Ta cire tabaraun. Ta ce, "Yaro a firgice yana iya rikicewa. Ba wanda ya ji maganarku. Abin da kika faɗa yanzu shi za mu rubuta." Ta dube ni, na gane tana so in tsira, ko da ba za ta iya faɗa ba.

Na buɗe baki, kalmomin suna nan a shirye. Sai na ga abin da za a rubuta a ƙarƙashin amsar Fa'iza, cewa babbar da ta ambata ta ce ba a yi haka ba. Yarinya tana kwance da karaya, za a koma a ce mata ta yi ƙarya. Na riga na bashe ta sau ɗaya a kan kwanon dambu. Na ce, "Haka aka yi. Ta faɗa mini."

Shugaban sashe ya fara rubutu. Farfesa ta ce me ya hana ni sanar da Mis Ortis. Na yi bayani mai tsawo, na al'ada da zumunci da takardun zama da yadda ba a kai ɗan'uwa ƙara. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Da kika je shagon nan, wa kika je ki kare?"

Na ce, "Uwar."

Ba a kai ni kotu ba, sun ce ni ɗaliba ce ba ma'aikaciya ba. Amma an cire ni daga makarantar, an ba ni faɗuwa a kwas ɗin, kuma Farfesa ta ce ba za ta iya sa hannu a takardar da ke cewa a ba ni amanar yara ba. Ta faɗa idonta ya kawo ruwa. Mai ba ɗalibai shawara ta ce zan iya sauya fanni in faro wani abu daban, amma ƙarfina ya ƙare, kuma ni koyarwa na je nema. Yaya ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwata. Shi ya kai ni filin jirgi duk da haka, ya ɗaukar mini jaka, bai ce komai ba sai "Ki gaida Hajiya."

Na yi fushi da mutanen nan sosai, kuma har yanzu ban yarda cewa kwashe yara daga hannun uwa shi ne maganin komai ba. Waɗanda na ɗan gutsura wa labarin a nan duk cewa suke na yi daidai, Turawa ne ba su san mutunci ba. Ina jin su ne kawai. Ni na san yarinya ta roƙe ni abu ɗaya tak, kuma ban yi mata ba.

Kafin in taho na koma ofishin Farfesa na mayar mata da littattafan da ta ara mini. A bakin ƙofa na tambaye ta yaya jikin Fa'iza, tana ina, wa yake riƙe da ita. Ta ce ba ta da ikon faɗa mini, ni yanzu ba kowa ba ce a maganar. Anti Hadiza ma ba wadda take yi mata zancen, saboda ni. Abin da na sani kawai, hannun dama ne, wanda take rubutu da shi. Har yau ban san ko ya ɗoru daidai ba.